Jagoran da Ba Ya Busa Usur: Labarin John Gagliardi

 

Da masu shirya bikin nan suka ce in yi magana a kan jagorancin matasa, na daɗe ina tunanin labarin da zan kawo maku. Daga ƙarshe na tsaya a kan wani mutum da ba ƙasarmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, kai, wasan da ya share rayuwarsa yana koyarwa ma ba a yin sa a nan wurinmu. Ku yi mani haƙuri, ku saurara har ƙarshe. Dalilina shi ne, da yawa daga cikinku kuna riƙe da yara a hannunku. Wani yana da ekip ɗin ƙwallo ta unguwa, wani yana kula da ajin dare, wata tana koya wa ƴan mata sana'a. Kuma kowanenku ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa: shin sai da tsawa da wahalarwa ake fitar da abin kirki daga jikin yaro? Wanga mutum ya yi shekara 64 yana ba da amsarsa, kuma lissafin abin da ya samu yana nan a rubuce.

Sunansa John Gagliardi, amma a baki Galardi ake faɗi, haka ni ma zan riƙa kiran sa. Mai horar da ƴan wasan ƙwallon Amurka ne a wata ƙaramar jami'a. Bari in fara bayyana maku wasan, don kada ku ɗauka irin tamaular da muka sani ce. Ƙwallon tasu doguwa ce, mai siffar ƙwai, kuma da hannu aka fi wasa da ita. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, wajen mita 91 kenan, ban da gidan ci da ke kowane ƙarshe. Waɗanda ke riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun yi, a sake ba su huɗu, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga gidan ci da ƙwallo ya samu maki 6. Ta yaya ake tsayar da mai gudu da ƙwallo? A rungumo shi a kayar da shi ƙasa. Ku ɗauka kokowa ce aka haɗa da tsere, ƙarti 22 suna karo da juna da gudu, kowa da hular kwano a kai da matashi a kafaɗa. Wasa ne mai karya ƙashi, ba da wasa nake faɗi ba.

A Amurka jami'o'i ne ke renon wannan wasa, kuma hawa-hawa suke. Hukumar wasannin jami'o'i, wadda ake kira NCAA, tun 1973 ta raba su rukuni uku. Rukuni na ɗaya su ne manya, masu kuɗi da talabijin. Filin wasan jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, wato ya ninka filin Janar Seyni Kunce na Yamai wajen sau uku, kuma masu horarwa a irin waɗannan wurare miliyoyin dala suke karɓa a shekara. Rukuni na uku kuwa su ne ƙanana. A can ba a ba ɗalibi bursu don ya iya wasa. Yaro ya zo karatu ne, yana son ya zama malami ko likita ko akanta, in an tashi daga aji ya je fili don yana so. A irin wannan ƙananan makarantu Galardi ya yi dukan aikinsa, daga farko har ƙarshe.

An haife shi ranar 1 ga Nuwamba 1926 a Trinidad, wani ƙaramin gari na masu haƙar gawayi a jihar Kolorado. Iyayensa daga Italiya suka yi ƙaura zuwa can, talakawa ne masu cin guminsu. A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka kira mai horar da ƴan wasan makarantarsu zuwa aikin soja. Makarantar ƙarama ce, ba ta da wanda za ta sa a madadinsa, har ana batun a ajiye wasan gaba ɗaya. Sai wannan yaro ɗan shekara 16, wanda shi ma ɗan wasa ne a cikinsu, ya karɓi aikin. Yana bugawa, yana horarwa. Ku duba cikin zauren nan, akwai waɗanda suka girme shi a lokacin, kuma har yanzu ana ce masu su bari sai sun girma.

To mi yaro ɗan shekara 16 ya sani game da horarwa? Abu ɗaya ya sani sarai: ya san abin da yake ƙi lokacin da ake horar da shi. A wancan zamani masu horarwa da yawa sun yi imani cewa shan ruwa lokacin atisaye yana sa ragwanci, don haka sai a hana yara ruwa, a sa su zagaye fili har su galabaita, a sa su motsa jiki mai wahala wanda bai da alaƙa da wasan. Da Galardi ya karɓi ragama sai ya bar abokansa su sha ruwa, ya zubar da abubuwan da ya ga wahala ce kawai, ya mai da lokacin ga koyon wasan kansa. Abin mamaki, sai suka riƙa cin nasara. Nan ya fara gane cewa ba kowane abin da aka gada ba ne yake da dalili. Wani abin, wanda ya fara yin sa ma bai san dalili ba, an dai yi masa ne shi ma ya yi wa na baya.

Ya ci gaba da horar da ƴan makarantar sakandare, irin lise ɗinmu, yana kuma karatunsa a kwalejin Kolorado, ya gama a 1949. A wannan shekara, yana da shekara 22, kwalejin Carroll da ke garin Helena a jihar Montana ta ɗauke shi. A shekara huɗu da ya yi can ya ci wasa 24, aka cinye shi 6, aka yi kunnen doki 1, ya ɗauki kofin yankinsu sau uku. Kuma kamar yadda aka saba a ƙaramar makaranta, ba aiki ɗaya ake ba mutum ba, har ƙwallon kwando shi ke horarwa.

A 1953 ya koma jami'ar Saint John's da ke Collegeville a jihar Minesota, wajen kilomita 120 arewa maso yamma da birnin Minneapolis. Makaranta ce ta maza, ta Kiristoci ƴan Katolika, tana cikin daji tsakanin tafkuna, ɗalibanta ba su da yawa, kuma sanyin wurin in hunturu ya shiga ruwan tafki daskarewa yake yi har a yi tafiya a kansa. Wanda ya gada, Johnny McNally, tsohon shahararren ɗan wasa ne, kuma ana ba da labarin cewa da zai tafi ya nuna masa ba wanda zai iya cin nasara a wannan makaranta. Shekara 15 rabon su da kofin yankinsu. A shekararsa ta farko suka samu kofin. A farkon zuwansa har wasan sanda na kan ƙanƙara aka ɗora masa, ya horar da shi shekara biyar. Ya zauna a wannan makaranta shekara 60 cur.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa ake maganarsa. Galardi yana da wani jerin abubuwan da ba a yi a wurinsa, jerin "babu", wanda da tafiya ta yi tafiya ya haura ɗari. Zan kawo maku kaɗan, ku auna su da abin da kuka saba gani.

Babu usur. Mai horarwa a ko'ina da usur aka san shi, shi kuwa da bakinsa yake magana, yara su matso su ji. Babu tsawa da zagi. Babu kiran sa da laƙabin mai horarwa, sunansa na yanka, John, shi yake so a kira. A nan ina so ku fahimce ni, ban ce gobe ku je ku kira malamanku da sunansu ba, al'adarmu daban, tasu daban. Abin lura shi ne mutumin bai jingina girmansa a kan laƙabi ba. Babu zagaye fili don horo. Babu tilasta ɗaga ƙarfe, wanda ya so ya je ya ɗaga. Babu atisayen da ya wuce minti 90, domin yaran ɗalibai ne, littafi na jiran su. In yanayi ya yi tsanani, ko ƙwari sun dami mutane, a koma cikin ɗaki. Babu amfani da kalmomi irin su "kashe shi". Babu dogon kundin dokoki, doka ɗaya ce: ka yi wa mutum abin da kake so a yi maka. Motsa jikin da ake yi kafin atisaye ma sun mai da shi abin raha, har akwai wanda yara za su kwanta rigingine su dubi sama, kowa ya ce wa na kusa da shi yau gari ya yi kyau. Baƙo in ya zo ya gani sai ya ce waɗannan ba da gaske suke ba. Ranar Asabar, ranar wasa, sai ya gane kurensa.

Biyu daga cikin waɗannan "babu" sun fi sauran nauyi, ina so mu tsaya a kansu.

Na farko, babu kayarwa a wurin atisaye. Na faɗa maku kayar da mutum ƙasa shi ne zuciyar wannan wasa. Masu horarwa na zamaninsa sun ɗauka dole yara su yi ta kayar da juna duk mako don jikinsu ya saba. Galardi ya duba ya ga cewa rauni da yawa a wurin atisaye ake samun sa, ɗan uwanka ne zai karya ka tun ba ka ga abokin hamayya ba. Mi ye amfanin gwanin da ke zaune a gefe da sanda ranar wasa? Sai ya hana. Abin da suke yi a madadi shi ne maimaita tsarin wasa, sau da yawa, da sauri, har kowane yaro ya san inda zai sa ƙafarsa da wanda zai tare ba tare da ya tsaya tunani ba. A minti 90 ɗin nan sun fi maimaita wasa fiye da waɗanda suka yi awa uku suna dukan juna. Ranar Asabar su fito da lafiyarsu da ƙarfinsu, suna ɗokin karawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na biyu, babu kora. Duk ɗalibin da ya zo yana son wasa, an karɓe shi. Shi ya sa a wasu shekaru ƴan wasansa suke haura 150, har lambobin riga su ƙare, mutum biyu su sa lamba ɗaya. Mutum 11 ne ke shiga fili a lokaci guda, ku lissafa yawan waɗanda ke tsaye a gefe. Amma ba a ce wa kowa ba ka iya ba, tafi gida. Wanda bai kai ba a shekarar farko, sau da yawa a shekara ta uku shi ne ginshiƙi, domin yaro ɗan shekara 18 bai gama zama abin da zai zama ba. Haka kuma ba a zaɓen kyaftin ɗaya ko biyu. Duk ɗan shekarar ƙarshe kyaftin ne, don in ya tafi neman aiki ya iya rubutawa a takardarsa cewa ya taɓa jagorantar ƙungiya. Kun ga mutumin da ke tunanin rayuwar yaro bayan wasa. Ya kuma saba barin ɗan wasan da ke raba ƙwallo ya zaɓi dabarar da za a yi da kansa a cikin fili, alhali a wurare da yawa daga gefe ake aiko masa da umarni. Hujjarsa mai sauƙi ce: wanda ke cikin fili yana ganin abin da na gefe ba ya gani, kuma yaron da aka yarda da hankalinsa yana ƙara hankali.

Wani zai ce, to, wannan ai sakaci ne aka yi wa ado. Mu je ga lissafi. A shekara 64 da ya yi yana horarwa a kwaleji, ya ci wasa 489, aka cinye shi 138, kunnen doki 11. A tarihin ƙwallon jami'o'in Amurka, manya da ƙanana, ba wanda ya kai wannan adadi na nasara. Ya ɗauki kofin yanki sau 30, uku a Carroll, 27 a Saint John's. Ya ɗauki kofin ƙasa na ƙananan makarantu sau huɗu: 1963, 1965, 1976 da 2003. Ku lura da tazarar: tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 40 ce. Yaran da ya ci kofin 2003 da su, sa'o'in jikokin waɗanda ya fara da su ne. Zamani ya sauya, wasan ya sauya, halin matasa ya sauya, hanyar ba ta daina aiki ba.

Kada kuma ku ɗauka hanya ce shimfiɗaɗɗiya. Daga 1976 zuwa 2003, shekara 27, bai sake ɗaga kofin ƙasa ba. A shekarar 2000 ya kai wasan ƙarshe, jami'ar Mount Union ta cinye shi da ci 10 da 7. Tazarar maki uku, yana da shekara 74. Da wani ne sai ya ce tafiya ta ƙare, ko ya ce bari in koma irin horon da kowa ke yi ko a dace. Bai sauya ba, ya koma ya ci gaba da atisayensa na minti 90.

Sai shekarar 2003. Ranar 8 ga Nuwamba, cikin tsananin sanyi, mutum fiye da 13,000 suka cika ƙaramin filin makarantar, Saint John's ta ci Bethel 29 da 26. Wannan ce nasararsa ta 409, wadda da ita ya wuce Eddie Robinson, baƙar fatan da ya yi shekaru fiye da 50 yana horarwa a jami'ar Grambling ta jihar Luwiziyana, ya tsaya a 408. A watan Disamba suka sake haɗuwa da Mount Union a wasan ƙarshe. A lokacin Mount Union ta ci wasa 55 a jere, ba wanda ya taɓa ta. Yaran da ba sa kayar da juna a atisaye suka ci su 24 da 6, suka gama shekarar da wasa 14, nasara 14. Tsohon yana da shekara 77. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Tun 1993 kyautar da ake ba gwarzon ɗan wasa na rukuni na uku sunansa take ɗauke da shi. A 2006 aka shigar da shi zauren tunawa da gwarazan ƙwallon jami'o'i yana kan aiki. Shekararsa ta ƙarshe, 2012, ba ta yi armashi ba, ya ci 5 aka cinye shi 5, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara ya ajiye aiki yana da shekara 86. Wanda ya gaje shi, Gary Fasching, tsohon ɗan wasansa ne kuma mataimakinsa. Ya rasu ranar 7 ga Oktoba 2018, saura makonni kaɗan ya cika shekara 92.

Akwai wani abu da ya fi kofunan nan muhimmanci a wurina. Shekaru da yawa ana kallon hanyarsa kamar wani abin ban dariya na tsoho mai taurin kai. Sai ga abin da ya biyo baya. A watan Agusta 2001, a wannan jiha tasa ta Minesota, Korey Stringer, ƙaton ɗan wasan ƙwararru na ƙungiyar Vikings, ya mutu sakamakon zafin da ya buge shi a wurin atisaye, yana da shekara 27. A 2002 wani likita haifaffen Najeriya, Bennet Omalu, ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasa mai suna Mike Webster bayan mutuwarsa a birnin Pittsburgh, ya gano lalacewar da yawan buguwar kai ke jawowa, ya wallafa bincikensa a 2005. Daga nan magana ta buɗe, aka gane cewa kowane karo da kai yana da farashi, ko da ba a suma ba, kuma ana biyan sa ne bayan shekaru. A 2016 wani rukunin tsofaffin jami'o'i takwas, cikinsu har da Harvard da Yale, suka amince su daina kayarwa a wurin atisaye a lokacin kakar wasa. Abin da manyan makarantu suka zo suka yi bayan bincike, wani mutum a tsakiyar daji ya riga su da gomman shekaru, don kawai ya dubi yaran da ke gabansa ya ga ƴaƴan mutane ne.

Gaskiya ta sa in faɗa maku iyakar wannan labari. Galardi bai horar a rukuni na ɗaya ba, inda kuɗi ke magana kuma ake korar mutum in ya faɗi shekara biyu a jere, don haka ba a gwada hanyarsa a can ba. Yaransa ma sun iya kayarwa tun daga sakandare suka zo, shi ya sa ya iya barin koyar da ita. Kuma duk da raharsa, mutum ne mai tsananin son nasara, mai bin diddigin kowane kuskure. Yana zama ya kalli hotunan wasan da aka ɗauka, ya nuna wa yaro inda ya taka ba daidai ba. Abin da ya cire shi ne wulaƙanci da wahalar banza. Aikin kansa bai rage ko kaɗan ba. Wanda ya ji labarin nan ya tafi ya ce daga yau ba atisaye, ba gyara, ba tsari, bai ji ni ba.

To mi za mu ɗauka mu tafi da shi gida? Ba zan cika ku da jeri ba, abubuwa ne da kuka riga kuka ji a cikin labarin.

Kai mai riƙe da ekip ɗin unguwa, gasar babban hutu na zuwa. Ka zauna da takarda ka rubuta duk abin da kake sa yara yi, gaban kowane ka rubuta dalilinsa. Wanda ka rasa dalilinsa sai "haka aka yi mana", ka yi masa tambaya da kyau. Mu da muke ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, maganar ruwa da inuwa da lokacin atisaye ba ƙaramar magana ba ce. Yaron da ya faɗi a fili don an hana shi hutawa, ba kofin da zai biya uwarsa. Ni kaina na yi wannan kuskure. Ina saurayi an ba ni yara in kula da su, na riƙa yi masu irin tsawar da aka yi mani, ina ganin ita ce alamar na iya. Akwai wani yaro siriri, mara magana, da na yi wa dariya gaban abokansa don ya kasa tare ƙwallo. Washegari bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba. Ban san abin da zai zama ba da na bar shi ya zauna, kuma wannan rashin sanin har yau yana damuna.

Ku shugabannin ƙungiya, ku dubi maganar kora da maganar kyaftin. Sau nawa muke taron mutum ɗari, aikin yana hannun mutum biyar, sauran sun zo tafi da ɗaukar kujeru? Yaron da ba a taɓa damƙa wa komi ba, ranar da kuka gaji kuka neme shi ba za ku same shi ba, ya tafi inda ake jin maganarsa, kuma ba kullum wurin kirki ba ne. Ku ba shi wani abu ya riƙe tun yanzu, ko da zai yi kuskure kuna gani. Da makarantar nan ta Trinidad ta ce yaro ɗan shekara 16 bai isa ba, da ba wannan labari.

Sannan maganar zama. Da yawa cikinmu muna ganin wurin da muke ƙarami ne, muna jiran ranar da za mu tafi babban birni ko ƙetare kafin mu fara aikin gaske. Neman ci gaba ba laifi ba ne, kuma na san halin da ke sa matashi ya ɗauki jaka. Amma ku tuna mutumin da ya fi kowa cin wasa a tarihin jami'o'in Amurka bai taɓa horarwa a filin mutum 100,000 ba. Ya samu ƙaramin wuri, ya zauna shekara 60, dubban matasa suka bi ta hannunsa suka zama iyaye da ma'aikata. Ajin dare na mutum 20 da kake riƙe da shi a Tasawa ko Madawa ko Magariya, in ka riƙe shi da gaskiya shekara goma, ka lissafa gidaje nawa ka shiga.

Ƙannena, kayan aikin wannan mutum ba su fi ƙarfinmu ba. Bai yi amfani da na'urar da ba mu da ita ba, hasali ma rage kaya ya yi. Ya san sunan yaro, ya bar shi ya sha ruwa, ya maimaita masa abu har ya iya, ya sallame shi da wuri ya je ya yi karatu. Gobe da yamma in kun fita fili, ku gwada barin usur a aljihu na rana ɗaya, ku kira yaran su matso kusa, ku yi masu magana da muryar da kuke so a yi maku. Ku ga abin da zai faru, in mun haɗu baɗi ku ba ni labari.